Hajiya ta kusa cika shekara a Kano, girin kad ɗinta zai shigar da ita kuwa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka san kan abin. Mahaifiyata shekararta 16 da girin kad, wato katin zaman dindindin na Amurka, ni na yi mata takardu bayan na zama 'yar ƙasa. A wajena take zaune a Maryland, duk shekara takan je Kano ta yi wata biyu ko uku ta dawo, ba a taɓa tsayar da ita ba. Ƙarshen Maris ɗin bara ta tafi saboda jikin Baba ya yi tsanani, ta zauna jinya, a watan Oktoba Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu tana takaba, tsakiyar Fabrairu za ta fita. To ta ce ba za ta taso ba sai ta yi azumi da salla a gida, kuma an yi rabon gado a gabanta, har tana maganar bayan babbar salla. Ranar 28 ga Maris za ta cika shekara cif da fita. Ba mu nemi wata takarda ba kafin ta tafi, don tikitin wata uku muka yanka mata. Katin kuma da sauransa, sai nan da shekara huɗu zai ƙare. Wasu sun ce mini muddin kati bai mutu ba babu komai, wasu sun ce tunda ta haura wata shida ya riga ya lalace. Wanne zan kama?

Baban_Ikram:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi. Maganganun nan biyu da aka faɗa miki kowanne da gyara, amma bari Anti Rabi ta leƙo, ita ce gwanar.

Direban_Bronx:
Allah ya gafarta masa. 'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki. Ni na daɗe ina zirga-zirga tsakanin nan da Kumasi, in yi wata biyar da ɗoriya a gida, in zo in ja taksi wata biyu, in koma. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce mini kanzil. Su kwanan watan da ke jikin kati suke dubawa. Tsohuwa ce kuma, wa zai tsaya wahalar da tsohuwa?

Anti_Rabi_Houston:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ummu Hanan, ni ba lauya ba ce, a ofishin lauyan shige da fice nake aiki, don haka ki ɗauki wannan a matsayin haske kafin ki ga lauya.

Kwanan watan da ke jikin kati na katin ne kawai, ba shi ke nuna tsawon zaman da aka yarje maka ka yi a waje ba. Iyakoki biyu ake kallo. Wanda ya fita ya dawo cikin kwana 180, yawanci kamar mai komawa gidansa ake ɗaukarsa. Da zarar ya haura kwana 180, doka na ɗaukarsa a matsayin mai neman a shigar da shi, jami'i na da damar ya tambaye shi dalilin daɗewa, ya duba ko akwai abin da zai hana shi shiga. Wannan ba lalacewar kati ba ce, mutane da yawa suna shiga da wata takwas ko goma in dalilinsu ya fito fili. Iyaka ta biyu ita ce mai haɗari. In mutum ya cika shekara a waje, katin shi kaɗai ya daina zama takardar shiga. Tun daga wajen awon kaya kamfanin jirgi zai iya ƙin ɗaukarta.

Saboda haka Hajiya tana cikin yanki na tsakiya, kuma dalilinta mai ƙarfi ne, jinyar miji da rasuwarsa. Abin da nake roƙonki shi ne ƙafarta ta taka Amurka kafin 28 ga Maris, kuma ba ana gobe ba.

Ummu_Hanan:
Na gode Anti. Ba za mu iya nema mata takardar ƙarin lokaci daga can ba? Na ji ana maganar wata takarda mai shekara biyu.

Anti_Rabi_Houston:
Takardar izinin dawowa ke nan, fom I-131. Tana ba mutum har shekara biyu a waje, amma sharaɗinta mai nema yana cikin Amurka ranar da aka shigar da fom ɗin, kuma a nan za a ɗauki hoton yatsunsa. Ba a nema daga Kano. Wannan ƙofar ta rufe sai ta dawo.

Direban_Bronx:
Anti kina tsorata yarinyar nan ne kawai. Ni dai abin da na gani da idona na faɗa.

Anti_Rabi_Houston:
Malam Direba, kai ma da kake magana naka ya fi na Hajiya rauni, ka yi haƙuri da in faɗa. Babu inda doka ta ce wanda ke leƙowa duk wata shida ya tsira. Tambayar da alƙali ke yi ita ce, ina mutumin nan yake zaune? In iyalinka da gidanka da harkarka duk suna Kumasi, nan kuma wata biyu-biyu kake yi, wata rana jami'i zai buɗe kwamfuta ya jera shige da ficenka na shekara biyar ya ce ka ƙaura. Hajiya kuwa shekara 15 tana zaune nan daram, sau ɗaya lalura ta riƙe ta.

Mai_Goro_Columbus:
Rana dubu ta ɓarawo, Direba. Ni abin da nake so Ummu Hanan ta riƙe da kyau shi ne maganar sa hannu. Ƙanin mahaifina ya yi wata goma sha ɗaya a gida yana gini. Da ya sauka aka wuce da shi ɗakin baya, inda ake zaunar da mutane a kujeru kamar layin asibiti, ba a barin ka taɓa waya. Dattijo ne, Turancinsa na gaisuwa ne, ga gajiyar jirgi, ga fitsari ya matse shi yana kunyar tambaya. Aka miƙo masa takarda aka nuna masa layi, ya rattaba hannu don a sallame shi. Sai da muka kai wa lauya kwafin muka gane fom I-407 ne, wato ya ajiye zamansa da kansa. An bar shi ya shigo a matsayin baƙo na ɗan lokaci, katin kuma ya tafi ke nan. Ki ja wa Hajiya kunne, ko me aka ba ta kada ta sa hannu sai an fassara mata.

Baban_Ikram:
Subhanallahi. To in ka ƙi sa hannu ba za su juya ka a jirgi na gaba ba?

Anti_Rabi_Houston:
A'a. Fom ɗin nan na ganin dama ne, ba a tilasta shi. Jami'in filin jirgi ba shi da ikon soke zaman dindindin, alƙalin shige da fice ne kaɗai ke da shi. Iyakar abin da jami'i zai yi in bai gamsu ba, ya ba ka sammacin bayyana gaban alƙali, wataƙila ya karɓi katin ya ba ka shaida ta wucin gadi. Har a yanke hukuncin ƙarshe kana nan a matsayinka, kuma gwamnati ce za ta kawo hujjar cewa ka yi watsi da zamanka. Ta koyi jimla biyu ko a rubuta mata a takarda: ina son tafinta, ba zan sa hannu ba sai na ga alƙali.

Hajiyar_Minnesota:
Ni tawa shawarar ta mata ce. Kada ku bari ta taho ita kaɗai. Mace ta fito daga takaba, ga azumi, hankalinta ba a kwance yake ba, ana yi mata tambaya biyu za ta iya cewa ai ni na koma gida ke nan, don abin da ke ranta ke nan a wannan lokacin. Ke ki je ki taho da ita, ko cikin yaran wani ya je. Sannan ku nema mata keken guragu tun wajen yankar tikiti, ko da tana iya tafiya da ƙafarta. Masu tura keken sun san hanya, ba za ta yi ta bilinbituwa a Doha ko Addis Ababa ba.

Malam_Sani_Chicago:
Allah ya jiƙan mamaci. Ina so a kula da wani abu, kada a matsa wa baiwar Allah ta taso kafin idda ta cika. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma a ɗakin mijinta ake so ta yi. Takardar duniya ba ta kai a karya wannan ba.

Ummu_Hanan:
Malam ba wanda ya ce ta taso cikin takaba. Tsakiyar Fabrairu take fita, akwai kusan sati shida tsakani. Azumin ne da gadon suka tsaya mana.

Malam_Sani_Chicago:
To alhamdu lillahi, na fahimta. Azumi kam ana yinsa ko'ina, mu ma nan muke yi, kuma matafiyi na da sauƙi. Gado kuwa ba dole sai tana zaune ba. Ta naɗa wakili cikin 'yan'uwanta ko babban ɗanta, a rubuta a gaban shaidu, tumuninta ba zai ɓata ba. In a kotu za a raba, alƙalai sun saba da wakilci.

Zinder_Greensboro:
Ni na bi ɗaya hanyar, bari in gaya muku yadda take. Lokacin korona a 2020 maiɗakina ta tafi ganin gida aka rufe iyakoki, ga ciki, likita ya hana ta tafiya, har shekara ta wuce. Sai muka nemi bizar mai dawowa, wadda suke kira SB-1. Ana cike fom DS-117 a ofishin jakadanci, a biya dala 180, a yi hira. Abin da suke so ka nuna shi ne ka fita da niyyar dawowa, kuma abin da ya riƙe ka ya fi ƙarfinka. Mun dace an amince. Amma amincewar ba ita ce ƙarshe ba, sai da ta sake gwajin lafiya, muka sake biyan kuɗin biza, muka sake tara takardu kamar sabbin shiga. Watanni muka yi. Kuma ku lura, rufe iyaka da takardar likita dalilai ne da kowa zai gani. In Hajiya ta je ta ce na tsaya salla ne da rabon gado, jami'in zai ce wannan zaɓinki ne.

Baban_Ikram:
Zinder, jaririn fa? Shi ma sai da aka yi masa biza?

Zinder_Greensboro:
A'a, akwai sauƙi a nan. Ɗan da mace mai girin kad ta haifa a waje lokacin ziyara yana shiga tare da ita ba tare da biza ba, in bai kai shekara biyu ba, kuma in a dawowarta ta farko bayan haihuwar ne suka taho tare. Fasfonsa da takardar haihuwa muka riƙe. Wanda ya bar jariri wajen kaka ya dawo shi kaɗai ya rasa wannan damar, sai ya bi dogon layi.

Anti_Leeds:
Ku mutanen Amurka kuna shan fama. Mu nan Ingila mai zaman dindindin sai ya yi shekara biyu a jere a waje kafin zamansa ya faɗi. Ko ya faɗi akwai bizar mai dawowa. Namu ciwon kan yanzu shi ne katin roba na shaidar zama da aka daina, duk sun ƙare 31 ga Disambar 2024, komai ya koma intanet. Wanda ya sabunta fasfo bai haɗa sabuwar lambar da asusunsa ba sai ya tsaya dogon bayani a wajen awon kaya.

Dan_Calgary:
Kanada lissafi ne zalla: kwana 730 cikin kowace shekara biyar, ba sai a jere ba. Da Hajiya a nan take ko tambayar ba za ta taso ba.

Ɗan_Sharafiyya:
Mu da ke Jidda muna jin ku kawai. Iƙama, wato takardar zama, ko ka shekara talatin da ita, in za ka fita sai an buga maka huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, a manhajar gwamnati ta Absher, da kwanakinta a ƙirge. Kun ga ku aƙalla akwai alƙalin da za a je gabansa.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan maganar Hajiya. Mai son kwatanta ƙasashe ya buɗe nasa zaren.

Lauje_Atlanta:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne jerin ƙasashen da ake taƙaita wa shiga. A Janairun 2020 an saka Najeriya cikin waɗanda aka dakatar wa bizar ƙaura, aka janye a Janairun 2021. A Yunin 2025 aka fito da wani jerin mai ɗauke da Chadi da Sudan, a Disamba aka faɗaɗa shi ya haɗa da Nijar da Najeriya. Duk waɗannan sanarwoyin sun keɓe masu girin kad, ba su shafe su ba. To amma ku duba inda gizo ke saƙa: muddin Hajiya na cikin shekararta, da katinta za ta shiga. In ta haura ta koma neman biza a Legas, ta shiga sahun masu neman biza da koren fasfo a wannan lokacin. Hanyar da Zinder ya bi a 2020 ba lallai ta buɗu haka yanzu ba.

Ummu_Hanan:
Wannan ya ƙara tayar mini da hankali. Anti Rabi, waɗanne takardu za ta riƙo?

Anti_Rabi_Houston:
Kashi biyu. Na farko abin da ke nuna dalilin daɗewa: takardun asibitin Baba tun daga kwanciyar farko, takardar shaidar rasuwa, da tikitin nan na wata uku da kuka yanka tun farko, shi ne babban shaidar cewa ba ƙaura ta yi ba. Ki tono shi a imel ɗinki har da saƙonnin ɗage ranar dawowa. Na biyu abin da ke nuna gidanta na nan: katin shaidarta na Maryland, asusun banki in tana da shi, inshorar lafiya, takardun likitanta na nan, takardun harajinki in kina saka ta cikin waɗanda kike ɗauke da su. Ki rubuta gajeriyar wasiƙa da Turanci, shafi ɗaya, mai bayanin ranar da ta fita da abin da ya faru da ma'anar takaba, don jami'in ba lallai ya san mace na zaman wata huɗu da kwana goma ba. Ki sa lambar wayarki a ƙasa. Duk a jakar hannu, kada a cusa cikin akwatin da ke da daddawa da kuka a tura ƙasan jirgi.

Kuma ki duba fasfonta yau. Dattawanmu sukan manta da shi a ƙasan adaka sai ana gobe tafiya.

Mai_Goro_Columbus:
Tunda an ambaci daddawa, kada ta yarda a ɗora mata kilishi. Nama ba ya shiga, kuma ranar da kake da bayanin wata goma sha ɗaya a bakinka ba ranar da za a kama ka da abin da ba ka bayyana ba ce.

Direban_Bronx:
To Anti na ji. Maganar haraji fa? Wani mai cike mini takardu ya ce tunda rabin shekara ina waje in cike a matsayin wanda ba mazauni ba, zan biya kaɗan.

Anti_Rabi_Houston:
Kada ka kuskura. Mai girin kad mazauni ne a wajen hukumar haraji ko ina yake kwana, kuma abin da ya samu a ko'ina a duniya yana cikin lissafi. Ka cike fom ɗin wanda ba mazauni ba, ka rubuta da hannunka cewa ba nan kake zaune ba, kuma za a iya kawo shi gabanka. Ka canza mai cike maka takardu.

Baƙon_Zaure:
Don Allah a ba ni dama in saƙa tawa a nan, ba na son buɗe zare da sunana. Wani abokina mai girin kad ya je gida ya ƙara aure, uwargida tana nan tare da shi. Akwai matsala wajen dawowa?

Hajiyar_Minnesota:
Abokinka ko? To, Allah ya ba abokin naka ikon yin adalci.

Lauje_Atlanta:
Hajiya ki bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Malam, ba wasa ba ne. Dokar shige da fice ta Amurka ta lissafa mai zuwa don zama da mace fiye da ɗaya cikin waɗanda ba a shigarwa, kuma fom ɗin neman zama ɗan ƙasa na tambayar aure ƙarara, ana amsawa bisa rantsuwa. In ya ɓoye aka gano daga baya, ƙaryar ta fi auren illa. Ya ga lauya kafin ya sake fita, musamman in tafiyar za ta haura wata shida. Haka duk wanda aka taɓa kamawa ko aka kai kotu, ko da tsohon abu ne da ya ɗauka ya wuce. A bakin shiga irin waɗannan suke tashi.

Baban_Ikram:
Ni tambayata ga Ummu Hanan, shekara 16 me ya hana Hajiya zama 'yar ƙasa? Da duk wannan bai taso ba. Najeriya ba ta hana wanda aka haifa ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu.

Ummu_Hanan:
Turanci ne Yaya. Ta ce ita da girmanta ba za ta zauna yaro ya yi mata jarrabawa ba. Shekararta 63.

Anti_Rabi_Houston:
Ai kuwa ta wuce wajen. Wanda ya kai shekara 55 kuma ya yi 15 da girin kad an ɗauke masa jarrabawar Turanci, haka mai shekara 50 da ya yi 20. Tambayoyin tarihi da tsarin mulki kawai za ta amsa, da Hausa, ta zo da tafintanta. Sai dai wannan tafiyar ta taɓa lissafin. Fitar da ta haura wata shida ana ɗauka ta katse zaman da ake buƙata na shekara biyar a jere, sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka. In ta cika shekara kuwa ya katse ke nan babu gardama, sai ta jira aƙalla shekara huɗu da kwana ɗaya bayan dawowa. Ga wani dalilin kuma na kada 28 ga Maris ta same ta a Kano.

Garoua_Boy:
Ku dai kuna da sa'a. Kamaru ba ta yarda da fasfo biyu ba, shi ya sa da yawanmu muke maƙale da kati shekara ashirin muna sabuntawa. Nawa ma ya ƙare ina jiran sabo, takardar shaidar karɓar fom ɗin sabunta kati, I-90, nake haɗawa da tsohon in yi tafiya, tana ƙara masa wata 36.

Inna_Talatu:
Na karanta duka tun daga sama. Kowa na maganar yadda za a dawo da ita, ban ga wanda ya tambayi abin da ita take so ba. Mace ta rasa mijin da suka yi shekara arba'in tare, ta koma cikin danginta, ana shigo mata gaisuwa safe da yamma, tana jin kiran salla daga ɗakinta. Ku tuna me za ta dawo ta tarar: gida shiru, kowa ya tafi aiki, jikoki sun girma suna makaranta, ita da talabijin. Ni na san zaman nan, ina cikinsa. Wataƙila gado da salla hanya ce ta gaya miki ba ta son dawowa, kunya ta hana ta faɗa kai tsaye. Ki tambaye ta a tsanake, ɗiyata. In zaman gida take so, kati ba zai zama sarƙa ba.

Lauje_Atlanta:
Inna maganarki gaskiya ce, amma a duba ɗaya gefen. In ta ajiye katin, da me za ta zo ganin jikoki ko ganin likita? Tun Yulin 2025 bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta koma wata uku shiga ɗaya, kafin ma a zo ga abin da na faɗa a sama. Mayar da kati sabon fayil ne daga farko. Ajiyewa minti biyar ne.

Hajiyar_Minnesota:
Ai ba sai an zaɓi ɗaya yau ba. Ta zo kafin wa'adi, a shigar mata da I-131 ɗin da Anti Rabi ta faɗa, ta jira a ɗauki yatsu, sai ta koma Kano abinta ta yi har shekara biyu. Ana ma iya neman a aika takardar ofishin jakadanci ta karɓa a can. Cikin shekara biyun nan zuciyarta za ta nuna mata inda take so.

Anti_Rabi_Houston:
Haka ne, da gyara biyu. Takardar tana hana a ce ta yi watsi da zama saboda tsawon lokaci kawai, amma ba ta tsare lissafin zama 'yar ƙasa, wannan zai katse. Kuma ba a sabunta ta daga waje, sai an dawo an nemi wata, wanda ya shafe fiye da shekara huɗu cikin biyar a waje kuma ta shekara ɗaya ake ba shi. In tana karɓar SSI, wato tallafin gwamnati ga tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, ku sani yana tsayawa da mutum ya yi kwana 30 a waje, ku duba kada a ce ta mayar da kuɗi.

Direban_Bronx:
Ni dai har yanzu ina ganin da za ta zo a watan Yuni ma za su bar ta. Na san wanda ya yi wata goma sha huɗu ya shiga.

Mai_Goro_Columbus:
Akwai su, jami'i na da ikon yin afuwa in ya ga dama. Ka san wanda ya shiga, ni na san wanda bai shiga ba. Da mahaifiyarka ce za ka gwada?

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi waya da Kawu, ya yarda zai zama wakilinta a gadon. Na yi magana da ita ma kamar yadda Inna Talatu ta ce, ta yi shiru ta ce in bar ta ta fita takaba tukuna. Abin da ta amince da shi zuwa yanzu shi ne ta yi salla a gida ta taso kwana biyu bayanta, wajen 22 ko 23 ga Maris ke nan. Fasfonta kuma Anti kin yi gaskiya, watan Mayu zai ƙare, ƙanena zai kai ta ofishin fasfo da ta fita.

Anti_Rabi_Houston:
Kwana biyar tsakani ya yi mini kaɗan. Lokacin salla ne, ga masu dawowa daga umara, jirgi ɗaya aka soke ko hazo ya hana tashi a Kano shi ke nan. Ranar saukarta Amurka ake ƙirgawa, ba ranar tashinta ba. In za ki iya lallaɓa ta ta taso cikin goman farko na azumi, ya fi.

Inna_Talatu:
Sallar farko babu mijinta, ku bar ta ta yi cikin 'yan'uwanta mana.

Zinder_Greensboro:
In dai sai bayan sallar, ku yanki tikitin da ake iya canza wa rana, kuma ta kwana Abuja tun ranar salla da yamma. Daga can jiragen sun fi yawa, in ɗaya ya ƙi a samu wani washegari. Ummu Hanan, ke za ki je ɗauko ta ko ƙanin naki yana da biza?